Merle Battistel, Wadda Ta Hana A Liƙe Gadar Korrabee

Haihuwa da asali

An haifi Merle Joan Trevaskis ranar 9 ga watan Mayu na shekarar 1941 a garin Korrabee da ke gaɓar arewa ta jihar New South Wales, a gidan hukuma mai rufin kwano da ke gindin gada. Mahaifinta shi ne Clarence Trevaskis, wanda kowa ke kira Clarrie, mai kula da gadar tun ranar da aka buɗe ta a shekarar 1936. Mahaifiyarta kuwa Ena ce, 'yar gidan Hoolihan masu noman rake. Merle ita ce ta uku a cikin 'ya'ya huɗu, kuma ita kaɗai ce mace.

A wancan zamani, kamar yadda yake har yau, tsakiyar gadar ɗagawa take yi sama tsakanin hasumiyoyin ƙarfe biyu domin jiragen kamun jatan lande masu dogayen sanduna su fita teku. Matsayar jiragen, da wurin gyaransu, da gidan ƙanƙara duk suna bayan gadar ne, can cikin kogi, saboda haka duk ranar da ba ta ɗaga ba, rabin garin a gida yake wuni.

Tun kafin ta shiga makaranta Merle ta iya hawa tsanin da ke kaiwa ɗakin sarrafa gadar, wanda ke bisa tsakiyarta, yake tashi tare da ita. A can akwai wata doguwar kabad mai murfin gilashi, cike da layukan rile, wato makunnan da lantarki ke juya su da kansa. A cikinsu akwai masu sakata, waɗanda in suka faɗa gefe guda wani ɗan haƙorin ƙarfe yakan riƙe su a nan, ko da an ɗauke wuta, har sai an aiko musu da sabon umarni. Su ne ƙwaƙwalwar gadar. Su suka san ko tana sama ko tana ƙasa.

Clarrie da kunne yake aiki. Idan wani rile ya maƙale, sai ya juya sukundirebansa ya ɗan ƙwanƙwasa shi da mariƙin katakon, kamar yadda duk ma'aikatan rile na zamaninsa suke yi.

"Saurara, 'yar baba," yakan ce mata. "Wannan ƙas ɗin lafiyayye ne. In kin ji ƙis, to lalaci ya fara, sai ki ɗan tuna masa aikinsa."

Ena takan tsaya a gindin tsani ta ɗaga murya. "Clarrie, sauko mini da yarinyar nan, shayi ya huce! Maza uku na haifa maka, ba ka ga wanda za ka shafa wa baƙin mai ba sai ita?"

"Mazan naki tsoron tsani suke yi," in ji shi.

Karatu da farkon aiki

Ta shiga makarantar firamare ta Korrabee a shekarar 1947, sannan ta wuce sakandare a Grafton, inda ta kammala a shekarar 1957 tana ta ɗaya a lissafi da kimiyya. A wannan shekarar ta nemi a ɗauke ta koyon aikin lantarki a masana'antar sukari da kuma wajen wasu 'yan kwangila, amma babu inda aka karɓe ta. Uzurin da aka fi kawo mata shi ne babu banɗakin mata a wurin aikin. An ruwaito cewa ta gaya wa ɗaya daga cikin shugabannin cewa ita ba banɗaki ta zo nema ba, ta ɗauki takardar shaidarta ta fita, ba ta jira amsarsa ba.

A shekarar 1958 ta kama aikin haɗa kiran waya a ofishin tarho na Grafton, aikin da aka yarda na mata ne. A bayan ɗakin da suke zama akwai wani ɗaki cike da rile, sautinsu kamar ruwan sama a kan kwano. A can take cin abincin ranarta a tsaye, tana kallon masu gyara, har suka gaji da korarta suka fara miƙa mata kayan aiki.

Aure da 'ya'ya

Ranar 16 ga Fabrairu 1963 ta auri Lino Battistel, ɗan wasu masunta 'yan asalin Italiya, wanda ya gaji wurin gyaran jirage na mahaifinsa a bayan gada. Dokar wancan lokaci ba ta yarda matar aure ta ci gaba da aikin gwamnati ba, don haka a makon da aka ɗaura auren ta ajiye aiki. Ta haifi Noelene a 1964, Rodney a 1966, Carmel a 1969, sai Gavin a 1972.

Da goyon Gavin ta shiga ajin manya na kwalejin fasaha, ita kaɗai mace a cikin samari, kuma a shekarar 1975 ta karɓi lasisin aikin lantarki tana da shekara talatin da huɗu. Surukarta ta ce ba ta taɓa ganin uwar 'ya'ya huɗu da filaya a aljihun rigar girki ba. Lino ya ce shi dai tun da ya aure ta fitilar gidansa ba ta taɓa mutuwa ba. A shekarar 1985 suka rasa Rodney a haɗarin babur a hanyar Lismore. Bayan jana'izarsa da kwanaki kaɗan ta koma bakin aiki, kuma ba ta yi wa kowa bayanin dalili ba.

Shekarun gada

Da Clarrie ya yi ritaya a shekarar 1976, hukumar tituna ta yankin ta naɗa Merle a gurbinsa. Ta samu aikin ne da lasisinta, ba da sunan mahaifinta ba, kuma duk wanda ya faɗi akasin haka bai ga takardun ba.

Waɗannan su ne shekarun da tsofaffin garin suka fi tunawa. Jiragen sun yi yawa har sai sun yi layi su fita, matan masunta suna tsaye a bakin ruwa da kwandunan burodi, yara suna rige-rigen ɗaga wa jiragen hannu. Daga ɗakinta na sama Merle takan ji ƙas-ƙas ɗin kabad ɗin yana bin juna, ta san abin da gadar ke yi ba tare da ta leƙa taga ba. Kamfanin da ya ƙera rile ɗin ya daɗe da rufewa. Ita ke goge su, ta gyara haƙoran sakatunsu da ƙaramin magagari, ta naɗa musu sabuwar waya in ta ƙone. Wanda ya maƙale kuwa, ta tuna masa aikinsa da mariƙin sukundireba.

Abin da ya faru a shekarar 1987

Ranar Laraba 14 ga Oktoba 1987, da hantsi, ana tsakiyar kakar rake, ta ɗaga gadar wani jirgi ya wuce, sai gadar ta ƙi saukowa. Motocin rake suka yi layi a bayan sandar da ke tare hanya. Merle ta buɗe kabad, ta gane rile ɗin saukarwa ne ya maƙale, ta ƙwanƙwasa shi kamar yadda ta saba. Amma na kusa da shi mai sakata ne, kuma haƙorinsa ya side saboda tsufa da yawan gyara. Girgizar ta sa ya suɓuce. Shi ne wanda ke gaya wa sandar hanya cewa gada tana sama. Da ya faɗi, sai sandar ta ɗaga.

Wanda ke gaban layi shi ne Col Hannaford, direban da ya yi shekara ashirin yana bin gadar. Ganin sanda ta tashi, ya sa giya bai ɗaga kai ba. Sai da ya ga ruwa a inda ya saba ganin kwalta sannan ya taka birki, tayoyin gaba suka tsaya taku guda daga bakin ramin.

Ya sauko, ya leƙa kogin, ya ɗaga kai ya dubi tagarta. "Merle! In wanka kike so in yi, ai sai ki bari in cire takalmi!"

Mutane suka yi dariya. Merle ta sauko ta tsanin hasumiya ta mayar da sandar da hannunta, ta tsaya a gabanta har aka saukar da gadar.

Bincike da hukunci

Hukumar ta aiko da injiniya mai suna Desmond Kwong daga Sydney. Ya duba sakatar da ta side, ya fara rubuta cewa da kanta ta suɓuce. Merle tana tsaye a bayansa.

"Mista Kwong, ba da kanta ta suɓuce ba. Maƙwabcinta na ƙwanƙwasa."

"Misis Battistel, ban tambaye ki ba."

"Shi ya sa na gaya maka. In ka rubuta da kanta ta faɗi, za su ce gadar ce ta haukace, su liƙe ta. In ka rubuta ni ce, ni za su cire."

Kwong ya soke abin da ya rubuta.

A watan Disamba aka sauke ta daga muƙaminta. Duk da haka manoman rake, waɗanda dama sun gaji da jira a bakin sanda, suka matsa a yi wa gadar walda ta zauna har abada. Yin hakan na nufin jiragen su koma wani gari, gidan ƙanƙara ya rufe, wurin gyaran Lino ya zama kango. Kwong ya roƙi hukumar ta ba da wa'adi, aka amince: a sauya dukkan rile masu sakata da na zamani kafin ƙarshen shekarar 1988, ba tare da an hana jirage fita ba. In wa'adin ya cika ba a gama ba, a liƙe.

Babu ɗan kwangilar da ya nemi aikin, domin zanen wayoyin gadar ya tafi a ambaliyar 1954. Merle ce ta nema, kuma da yake babu wani, aka ba ta.

A lokacin, in ta shiga kanti sai a sami wani ya ƙwanƙwasa tebur, wasu su yi ƙasa da kai suna dariya. Ba ta sauya kanti ba, ba ta aiki kowa ba. Takan zaɓi lokacin da ya fi cika ta je, ta sayi madararta, ta gaishe da mai ƙwanƙwasar da sunansa da na mahaifiyarsa.

Sauya sakatu

Mutum ɗaya ne ya san inda kowace waya ta nufa, shi ne Clarrie, wanda a lokacin ya haura tamanin. Da ta je masa da maganar, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

"Da hannuna na saka rile ɗin nan tun ba a haife ki ba. Magagari kawai suke so."

"Baba, magagarin ne ya cinye su. Ni da kai muka cinye su."

"To je ki saka 'yan akwatunan ashanarki. Ba da ni ba."

Ta fara ita kaɗai a watan Fabrairu 1988. Sababbin rile ɗin ƙanana ne, a rufe ruf, maganaɗisu ke riƙe su maimakon haƙori. Ido ba ya ganin gefen da suka kwanta, kuma jijjigar hanya kan juya su tun suna cikin kwali. In aka saka wanda ya ɗauka gada tana sama alhali tana ƙasa, ko akasin haka, an dasa wa gadar ƙarya a ƙwaƙwalwa. Saboda haka ta kafa wa kanta ƙa'ida. Ba ta taɓa kabad sai ruwan teku ya janye daga kogin kamar yadda yake yi kullum, lokacin da babu jirgin da zai iya zuwa, gadar tana zaune a kulle. Takan kwantar da sabon da batir a gefen da tsohon yake, ta auna da mita, ta naɗe shi a safa ta hau da shi, ta cire tsohon ta saka. Ɗaya kawai a rana. Sannan a gwada ɗagawa.

A lokacin gwaji ba ta yarda da sanda ba. Lino yakan gicciye motarsa a bakin gadar ta kudu. Ta arewa kuwa, wata rana sai ga Col Hannaford ya gicciye tasa ba wanda ya kira shi.

"Bar mini nan," in ji shi. "Duk garin nan babu wanda ya fi ni sanin inda ake tsayawa."

Aikin bai tafi da sauri ba. Rigar wayoyin ta zare ce, tana marmashewa a hannu kamar busasshen ganye, launukansu duk sun koma ɗaya. Bin waya guda kan cinye mata mako. A watan Yuli wani sabon rile ya bugi tsani a aljihunta ya juye ba ta sani ba, gadar ta ƙi motsi wuni guda, jirage suka rasa ruwan fita. Masuntan da take yi dominsu suka taru a ƙasa suna zaginta, har da ƙanin mijinta. Ta saurare su har suka gama, ta koma sama. Daga ranar ta ƙara ƙa'ida: a sake aunawa a gaban kabad, komai tabbacin da aka yi a ƙasa.

Labarin wannan rana ne ya fito da Clarrie. Da safe sai ga shi a gindin tsani da hularsa, Lino na tallafe da shi. Aka kai shi sama da ƙyar, ya zauna a kan kujerarsa ta dā yana haki.

"Ba taimakonki na zo yi ba," ya ce. "Zuwa na yi in ga ɓarnar da kike yi. Wannan wayar da kika riƙe ba ja ba ce, tsufa ne ya rina ta. Birkin hasumiyar arewa ta tafi. Ke, wa ya koya miki aiki ne?"

"Wani tsoho ne mai faɗa."

"Bai iya koyarwa ba."

Daga nan kullum yana can. Shi ke faɗin wayoyin da ka, ita tana aunawa ta tabbatar, ta liƙa wa kowace suna. Duk tsohon rile da ta ciro sai ya karɓa ya juya shi a tafin hannunsa, ya faɗi shekarar da ya ƙone da waɗanda ke cikin jirgi a ranar, mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kwong kuma yakan zo duk wata ya zana abin da suka gano, har gadar ta sake samun zane.

An saka na ƙarshe ranar 22 ga Nuwamba 1988. Merle ta murɗa makunni. Clarrie ya karkata kunne wajen kabad yana jira.

"To, fara mana."

"Baba, ai mun kai sama."

Ya leƙa taga, ya ga rufin gidajen garin a ƙasa da su. Ya koma ya zauna.

"Tana aiki," ya ce. "Amma ta daina magana."

A watan Disamba hukumar ta janye maganar walda. Clarrie ya rasu a watan Maris 1989. Ba a mayar da Merle kan muƙaminta ba, ita kuma ba ta roƙa ba.

Shekarun baya

Daga 1989 zuwa 2006 ita ce 'yar kwangilar da ke duba lantarkin gadar, kuma a tsawon wannan lokaci sandar hanya ba ta taɓa ɗagawa ba bisa kuskure. Sunanta ya bazu a garuruwan gaɓar, ana kiranta duk inda aka sami tsohuwar na'ura mai rile da aka rasa mai gyara: lif ɗin tsofaffin benaye, injinan ban ruwa, agogon majami'u. Ba ta sake ƙwanƙwasa rile ba har ta bar aiki, kuma ba ta yarda a yi a gabanta ba.

Lino ya rasu a shekarar 2011. Jiragen Korrabee sun ragu ƙwarai, gidan ƙanƙara ya zama wurin shan shayi na baƙi, amma waɗanda suka rage suna fita. A shekarunta na ƙarshe takan zauna a barandar gidanta ta kalli gadar tana tashi. Ta taɓa gaya wa 'yarta Carmel cewa har yanzu in ta ga tana ɗagawa, a kanta tana jin ƙas-ƙas ɗin dā yana bin juna, kowane a gurbinsa.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi wa Merle Battistel rasuwa ranar 2 ga Agusta 2019 a gidanta, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da takwas. An yi mata addu'a ranar Laraba 7 ga wata a majami'ar da ke kudancin kogi, aka ɗauke ta zuwa maƙabartar da ke arewa, inda mijinta da ɗanta suke kwance.

Da ayarin ya iso bakin gada, sai mai kula da ita na wannan lokaci, Shane Doust, ya sauko da gudu ya leƙa motar da babbar 'yar marigayiyar ke ciki.

"Noelene, yi haƙuri. Jirgin su Vidler ne zai fita, ga ruwa yana janyewa. In ce ya bari sai gobe?"

"So kake ta tashi ta mare ka? Ɗaga masa. Shi ke da sauri, ita ba ta da shi."

Sandar ta sauka a gaban motar gawa. Masu rakiya suka kashe injinansu suka fito, gadar ta tashi, jirgin ya wuce a hankali, mutanen cikinsa sun cire huluna. Sandar ba ta motsa ba sai da gadar ta sauko ta zauna ta kulle. Sannan aka haye da ita, aka binne ta kafin la'asar.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Noelene, malamar jinya a Grafton, Carmel, malamar lissafi a Newcastle, da Gavin, wanda ke riƙe da wurin gyaran jirage na mahaifinsa a bayan gada. Ta kuma bar jikoki bakwai, biyar daga cikinsu mata. Allah ya sa ta huta.